Me ya kai likita tambayar tsohon soja wanda yake kwana da shi?

(Hoto: layin jiran ganin likita a asibitin tsoffin sojoji, Amurka)

To jama'a, mutane da yawa suna ta cewa wai likitocin Amurka sun cika gulma, mutum ya zo da ciwon baya ana tambayarsa mace yake nema ko namiji. Ku tsaya mu koma baya kaɗan.

A 1993 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake wa laƙabi da "kar a tambaya, kar ka faɗa". Soja mai neman jinsinsa zai iya aiki, amma ranar da maganar ta fito, sallama. Sama da mutum 13,000 aka kora kafin a soke dokar a Satumban 2011, lokacin Obama.

(Hoto: takardar sallama DD-214)

Yanzu ga inda ake kuskuren fahimta. A wancan zamanin likitan bariki shi ma soja ne, abin da ka faɗa masa a ɗakin duba marasa lafiya zai iya komawa kunnen oganka, sai a 2010 aka hana amfani da irin wannan bayanin wajen korar mutum. Ka ga wanda ya yi shekara goma sha yana kame bakinsa a gaban mai farar riga, yau ya yi ritaya ya zo asibitin VA, wato ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, kana tunanin zai zauna kawai ya buɗe ciki? Ina! Likita kuma bai ɗago kai daga kwamfuta ba ya ce "ya madam?", shi kenan, bawan Allah ya ce lafiya lau, an rufe babin.

Abin da aka rasa a wannan minti ɗayan ba kaɗan ba ne: allurar rigakafin ciwon hanta, maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PrEP, gwajin wasu nau'o'in kansa, da maganar damuwa da tunanin kashe kai, wanda ya fi yawa a cikin masu neman jinsinsu. Wanda ya sauya jinsi ya koma namiji ma, in mahaifa na nan, gwajin bakin mahaifa na nan a kansa. Likitan da bai sani ba ta ina zai rubuta?

Ni dai a ganina, duk ra'ayinka kan lamarin, aikin likita ya san jikin da ke gabansa. Kuma yadda aka yi tambayar ne komai, "kana da abokin zama?" ba ɗaya ba ne da "matarka fa?".

(Hoto: ƙofar ofis)

Sauran a gurguje: a 2016 aka sa wa kowane asibitin VA jami'i na musamman don waɗannan sojojin. A 2024 Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, ta gyara takardun sallamar mutum sama da 800 da aka kora a ƙarƙashin waccan dokar. A Maris 2025 kuma VA ta ce za ta daina fara ba sabbin marasa lafiya magungunan sauya jinsi, wannan bidiyo ne na daban.