Kafin Ka Zama Kakaki, Ka Fara Zama Kusa da Edita

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa game da zuwa sanin makamar aiki, wato IT ɗin nan da kuke ta zulluminsa, ga mai son zama jami'in hulɗa da jama'a.

Na farko, shirin SIWES, wato wannan shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki, ba jiya aka fara shi ba. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, mai hedikwata a Jos, ita ta ɓullo da shi a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan ɗalibai na fitowa da takarda amma hannu bai san aiki ba. Wannan ku riƙe don jarrabawa.

Na biyu, a nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Kowa so yake a tura shi banki ko kamfanin sadarwa, ya sha sanyi. Ni kuwa cewa nake ka fara da ɗakin labarai. Freedom Radio ne, Rediyon Kano ne, Rediyon Tarayya Kaduna ne, Aminiya ce, duk inda ka samu. Ai gobe su za ka riƙa aika wa sanarwa. Ja kujera kusa da edita saura rabin awa a shiga labarai. Sanarwoyi sun yi cunkoso a WhatsApp ɗinsa. Ya buɗe ɗaya: "Mai girma shugaban hukuma, wanda ya samu wakilcin darakta kaza, ya jinjina wa..." Kirari kan kirari. Ainihin labarin, cewa gobe za a ɗauke ruwa a unguwanni kaza, yana can ƙasa. Edita ba zai kai can ba, wallahi ba zai kai ba! Ya wuce ta gaba. (Dariya) Kuna dariya, kashegari kakakin ne zai sha faɗan oga. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara binne labari ba. Kuma zai san lokaci: sanarwar da ta iso bayan an rufe shafi ta zama ta kunshin ƙosai. Kuma mutanenmu rediyo suke ji, don haka ɗan rediyo murya yake nema, muryar oganka da Hausa, gajera. Sannan lambobin waya. Duk wakilin da ka haɗu da shi, rubuta lambarsa da fannin da yake bi. Maganar ambulan ɗin na goro kuwa, ana naɗar lacca, mu bar ta.

Na huɗu... na uku ko? To. Cibiyar NIPR, ta jami'an hulɗa da jama'a a Najeriya, an kafa ta 1963, Doka ta 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista. Ku neme ta. Logbuk kuma, littafin da kuke rubuta aikin da kuka yi, a cika shi kullum, ba daren zuwan mai dubawa ba.

Wata ɗaliba: Malam, mu inda muka je, daga fotokwafi sai aiken sayo abinci.

Allah sarki 'yata. Abincin dai ba ni da maganinsa. Amma me kike kwafa? Jawabin oga ne, jerin waɗanda aka gayyata ne, kasafin taro ne. Karanta kafin ki miƙa. Sai ki rubuta taki sanarwar a kai, ki kai wa wanda yake kula da ke, ki ce ya gyara miki da jan biro. Idan ya ƙi, gobe ki sake kai wata. Saura wa?