Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa esin mota wari?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu biyu muka haɗa, domin duk a kan abu ɗaya suke.

Ta farko daga wani malamin makaranta a Zariya. Ya ce Corolla gare shi 'yar Kwatano, kuma tun da damina ta kankama, da zarar ya kunna esi sai wani wari ya daki hancinsa, kamar na jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana a bokiti. Sau biyu yana cika gas, ya rataya turare, har turaren wuta uwargida ta yi wa motar, amma a banza.

To Malam, gas ba shi da laifi a nan, kuɗinka kawai ka yi asara. Aikin gas sanyi ne, ba ruwansa da wari. Ka san yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi idan ka ajiye shi a kan tebur? A bayan dashbod ɗinka akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin lagireto, masu gyara na ce masa ebaporeta. Shi ne ke yin sanyi, iska ta ratsa shi ta fito maka. Shi ma haka yake gumi, kuma da damina gumin ya fi yawa saboda iska cike take da danshi. Ruwan yana taruwa a ƙasansa, ya bi wani siririn bututun roba ya zube a ƙarƙashin mota. Idan ƙurar hunturun bara ta haɗu da wannan ruwa ta zama laka, bututun ya toshe, sai ruwa ya kwanta a cikin duhu, fumfuna ta samu wurin zama. Ita kake shaƙa.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Kunna esi na minti 10 mota na tsaye, sannan ka leƙa ƙasanta ta ɓangaren mai zaman banza. In ka ga ruwa na ɗiga, bututun a buɗe yake. In ƙasa a bushe take, ka ɗaga dardumar wannan ɓangaren ka taɓa, sau da yawa za ka ji ta sharkaf. Mai gyaran esi zai buɗe bututun da iska cikin ɗan lokaci, ya fesa kumfar wanke ebaporeta.

Sai filtar iska ta cikin mota, wadda yawancinmu ba mu ma san da ita ba. A motoci da yawa tana bayan akwatin ajiye takardu na gaba. Ka zaro ta, za ka tarar da ita ta yi baƙi ƙirin, ga busasshen ganyen darbejiya, ga tsakuwa da gashin tsuntsu. A irin ƙurarmu, ni dai shawarata a sauya ta duk bayan hunturu, ana samunta a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Kuma ka saba da kashe esi ka bar fanka kaɗai tana kaɗawa minti 3 zuwa 5 kafin ka isa gida, don ƙarfen ya kwana a bushe. Turaren nan kuwa a dakata da shi tukuna, in ya gauraya da warin fumfuna sai ya fi tayar da zuciya, musamman ga yara da masu asma.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce motarta ta yi wata biyu a ajiye, yanzu ɗoyi take kamar mushe. Hajiya, da alama mushen ne. Ɓera na shiga ta ramin shan iska da ke gindin gilashin gaba, wajen waifa, ya yi sheƙa a gidan fanka, wani lokaci ya mutu a can. Sai an kwance fankar an fitar da shi an wanke wurin, a kuma duba wayoyi, domin ba ya barin su lafiya.

Amma akwai warin da nake roƙon ku kada ku yi wasa da shi. Warin fetur yoyo ne, a kashe mota nan take. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, a duba batir da salansa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne warin hayaƙin salansa a cikin mota, domin yana tafe da irin gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe mutane suna barci, ita kuma gubar ba ta da wari ko kaɗan. In ka ji ciwon kai, jiri ko barci na fizgarka a kan tuƙi, ka sauke gilasai duka, ka gangara gefen titi, ka fitar da kowa, kuma kada a sake rufe gilashin motar nan sai makanike ya duba salansar tun daga inji har baya.