Amsoshin Tambayoyinku: Tsuntsaye da Jemagu a Lokacin Zafi

Assalamu alaikum masu sauraro. Wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Ta ce tun da zafin Maris ya kankama take ganin kurciyoyi a tsakar gidanta baki buɗe, maƙogwaro na kaɗawa. Ko cuta ce?

Hajiya, ba cuta ba ce. Tsuntsu ba ya gumi, da haki yake rage zafin jikinsa. Ki taimaka musu da ruwa. Ki samu kasko na ƙasa mai faɗi, ki zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, wajen santimita 2 zuwa 3. Kwanon ƙarfe yana ɗaukar zafi, roba tana da santsi, bokiti kuwa ƙananan tsuntsaye faɗawa suke yi su kasa fita. Ki jefa duwatsu biyu ko uku waɗanda kansu zai fito saman ruwan, don ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su samu wurin sauka. Ki ajiye shi a inuwa, amma ki bar tazarar taku uku daga duhuwar shuke-shuke, domin nan mage take laɓewa. Abin da ya fi damunmu shi ne sauro: cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwansa ya zama mai cizo. Don Allah a zubar da ruwan kullum, a goge kaskon.

Lokacin kallon tsuntsayen shi ne bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 8, sai kuma bayan la'asar. Ki zauna nesa, ki rage motsi. Ko ba su zo ranar farko ba, kar ki sauya wa kaskon wuri.

Wani ɗalibi daga unguwar Asawase yana tambayar ina jemagun gidan zoo na Kumasi, kusa da kasuwar Kejetia, suke tafiya da magariba. Ɗana, kiwo suke fita. 'Ya'yan itace suke ci, kuma ta kashinsu suke baza irin bishiyoyi kamar odum, wato bishiyar katako da ake kira iroko. Da tsakar rana ka ɗaga kai, za ka ga suna yi wa kansu fifita da fiffike. In ka ga wani ya faɗo, kar ka taɓa shi da hannu, jemage yana ɗauke da cututtuka. In ya cije ka ko ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka wuce asibiti a ranar.