Wa Ka Faɗa Wa? Gunaguni da Bangaskiya a Rayuwar Kirista

[Hoto: bakin Kasuwar Sabon Gari da sassafe, ana buɗe shaguna, adaidaita sahu na wucewa]

Salama, 'yan'uwa a cikin Almasihu.

Ku tsaya a nan bakin Kasuwar Sabon Gari da ƙarfe bakwai na safe, ku kasa kunne. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya aiki? Da godiya. Yaya kasuwa? Mun gode Allah. Bahaushe ba ya gama gaisuwa sai ya gode wa Allah sau biyu ko uku. To amma a bar mutanen nan su zauna kan benci minti biyar. Mudun shinkafa ya tashi. Mai gida ya ƙara haya. Kwana uku ba a kawo wuta ba. Mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. Bakin da ya ce mun gode Allah, shi ne kuma zai ce, kai, mu dai an manta da mu.

Duk abin da suka lissafa gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, babu gidan talaka a Kano da bai ji a jikinsa ba, na Musulmi da na Kirista. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ban zo in ce wa kowa ɗakinsa ba ya yoyo ba. Tambayata ɗaya ce yau: wannan maganar da take cin ranka, wa kake faɗa wa?

Gunaguni magana ce ta ƙasa-ƙasa, wadda ake yi a bayan idon wanda abin ya shafa. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar ita ce gongusmos. Ku maimaita ta a bakinku, ku maimaita tamu, za ku ji duka biyun ƙarar abin suke kwaikwayo, kamar tukunyar da ke tafasa a rufe.

[Hoto: jeji, rana tsaka, babu inuwa]

Babban labarin gunaguni a Littafi Mai Tsarki yana cikin Fitowa. A sura ta 14 Allah ya raba Bahar Maliya, Isra'ilawa suka haye a sandararriyar ƙasa. A sura ta 15 suka yi waƙa, Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki ganga, mata suka bi ta da rawa. Ba a fita daga wannan sura ba aka yi tafiyar kwana uku a jejin Shur ba ruwa, aka iso Mara, ruwan ya zama mai ɗaci, sai gunaguni ya tashi. Kwana uku kacal tsakanin rawa da gunaguni. Allah ya nuna wa Musa wani itace, ya jefa, ruwan ya yi daɗi. Gaba kaɗan kuma ga Elim, da maɓuɓɓugan ruwa 12 da itatuwan dabino 70.

A ranar 15 ga wata na biyu da barinsu Masar, sai kuma yunwa. Suka ce da ma Ubangiji ya kashe mu a Masar, inda muke zaune kusa da tukwanen nama muna cin gurasa har mu ƙoshi. A Littafin Ƙidaya sura ta 11 ma sun jero abin da suke kewa ɗaya bayan ɗaya: kifi, kokwamba, kankana, albasa, tafarnuwa. Kai ka ce mai cefane ne ya dawo daga Yankaba. Har suka ce kifin nan kyauta suke ci.

Kyauta? Mutanen da aka sa yin tubali aka hana su ciyawar kwaɓi, aka ce kuma adadin kada ya ragu. Mutanen da aka ba da umarni a jefa jariransu maza cikin kogin Nilu. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro game da gunaguni: yana gyara tarihi. Ya tuna albasa, ya manta bulala. Matar da ta yi shekara biyar tana kuka a gaban Allah saboda haihuwa, yau yaran ne take kira jaraba. Saurayin da ikilisiya ta yi masa addu'ar samun aiki, yau aikin ne ya fi tsana a duniya. Baya ta zama kitse a idonmu, alhali rogo ce.

Amsar da Allah ya ba su ita ce manna, fara, mai ɗanɗanon waina da zuma. Kowa ya tara mudu ɗaya na ranar, wanda ake kira omer. Wanda ya ɓoye don gobe ya tarar da tsutsa da wari. A rana ta shida kaɗai ake tara na kwana biyu saboda Asabar. Shekara 40 a haka. Ɗan dako a Kantin Kwari ya fi malamin tauhidi gane wannan sura. Haka mai adaidaita da sai ya haɗa balas ɗin mai mashin kafin ya nemi na tuwo. Abin da aka samu yau shi za a ci yau. Da Yesu ya koya mana addu'a, abincin yini ya ce mu roƙa. Rayuwa ce mai wuya, ban musa ba, amma ita ce makarantar da aka sa jama'ar Allah don su san hannun da ke ciyar da su.

Musa kuwa ya faɗa musu wata magana a Fitowa 16:8 wadda ya kamata ta tsayar da mu: gunaguninku ba a kanmu kuke yi ba, a kan Ubangiji ne. Muna zaton da gwamnati muke, da fasto muke, da miji ko mata muke. A ƙarƙashin maganar akwai wata ƙara da muka shigar ba mu sani ba, cewa wanda ya kawo mu nan bai san abin da yake yi ba.

A Kadesh, bakin iyakar ƙasar Kan'ana da Allah ya yi musu alkawari, abin ya kai maƙura. An aiki mutum 12 leƙen ƙasar Kan'ana, suka yi kwana 40, suka dawo da nonon inabi da sai mutum biyu suka ɗauka a sanda. Goma suka ce ba za mu iya ba. Joshuwa da Kalibu suka ce Ubangiji yana tare da mu. Dare ɗaya maganar mutum goma ta kama zango gaba ɗaya, har aka fara shawarar naɗa sabon shugaba a koma Masar. Maimaitawar Shari'a 1:2 ta ce daga Horeb, wato Dutsen Sina'i, zuwa Kadesh tafiyar kwana 11 ce. Suna bakin ƙofa ke nan. Sai aka mayar da su jeji shekara 40, duk wanda ya kai shekara 20 a cikin waɗanda aka ƙidaya bai shiga ƙasar ba, sai waɗannan biyun. Manzo Bulus ya ɗauko labarin a 1 Korantiyawa 10, ya ce an rubuta shi ne don gargaɗinmu.

[Hoto: cikin majami'a, babu kowa, mace ɗaya a durƙushe]

Na san abin da wani yake cewa yanzu. Wato in yi shiru ke nan? A cuce ni in ce amin? Akwai masu koyar da haka, kuma sun jawo wa mutane ciwon zuciya. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Ku buɗe Zabura 13. Sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah, har yaushe? A Zabura 142 ya ce yana zuba kokensa a gaban Ubangiji. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, ba ta juyo zuwa yabo ba, kuma aka bar ta a cikin Littafi. Annabi Habakuk da tambaya ya buɗe littafinsa: har yaushe zan yi ta kuka ba ka ji ba?

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili shi ne waccan sura ta 11 ta Littafin Ƙidaya. Jama'a suna kuka a ƙofar alfarwansu saboda nama. Musa shi ma ya gaji, kuma maganarsa ta fi tasu zafi. Ya ce wa Allah, ni na ɗauki cikin mutanen nan? Ni na haife su? In haka za ka yi da ni, gara ka kashe ni. Masu kukan nama annoba ta same su. Musa kuwa Allah ya ba shi dattawa 70 su taya shi ɗaukar kaya. Su sun juya wa Allah baya suna magana a kansa, shi kuwa ya fuskance shi ya faɗa masa. Wannan shi ne koke, kuma sai mai bangaskiya yake iya yin sa, don ba ka kai kuka wurin wanda ka fid da rai da shi.

Haka yake tsakaninmu da mutane. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima, don ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Da maganar ta isa kunnen manzanni, ba su ce a yi haƙuri a rufe baki ba. Aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Damuwar gaskiya ce, kuma da ta isa inda ya dace aka gyara. Da yawa daga rigingimun da ke raba kan Zumuntar Mata ko ƙungiyar mawaƙa, da za su mutu a rana ɗaya in mai maganar ya tashi ya je wurin wanda abin ya shafa.

[Hoto: tsakar gida da dare, fitilar caji, tabarma]

Ni a kaina na koyi wannan. Wata shekara a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake hana barci, mai gidan da muke haya ya aiko cewa ya ƙara kuɗi, wata ɗaya ya ba mu. Mako biyu ba ni da wata hira. Na faɗa wa maƙwabta, na faɗa wa abokan kasuwa, na faɗa wa maiɗakina har ta daina amsawa. Wani dare muna kwance a tsakar gida na ji ɗana, mai shekara shida a lokacin, yana ce wa ƙanwarsa, mu dai kullum mu ne a wahala. Kalmomina ne, har da yadda nake jan muryar. Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai da na ji shi a bakin yaro.

Ranar Lahadi bayan sujada na tare wani dattijon ikilisiyarmu, na fara zuba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mai gidan ka same shi?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To Ubangiji fa, ka faɗa masa?" Na yi shiru. Mutum ya fi ashirin da suka ji maganar daga bakina, ban da biyun da za su iya yin wani abu a kai. Ya kama hannuna a nan gindin darbejiya muka yi addu'a. Kashegari na je na sami mai gidan, na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki. Bai rage ko sisi ba. Ya dai yarda in biya kashi biyu. Amma daren nan na yi barci, yarana kuma suka daina jin waccan waƙar.

Bulus ya rubuta wa Filibiyawa cewa su yi kome ba tare da gunaguni ko gardama ba. A kurkuku yake sa'ad da ya rubuta. Mutanen Filibi kuma sun san ba fatar baki ba ce, don a garinsu ne aka yi masa dūka shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare aka ji su suna addu'a da waƙoƙin yabo, sauran 'yan sarƙa suna saurare. A sura ta 4 ya ce ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali, a ƙoshi da yunwa. Ku lura da kalmar, ya koya. Ba da ita aka haife shi ba. Abin da ake koya kuwa sai an yi ta maimaitawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba godiya ranar da akwai wuta da ruwa ba, da wuya ya fara ta ranar da aka ɗauke duka biyun.

A wannan surar ya nuna yadda ake yi: a kai kowace damuwa gaban Allah da addu'a da roƙo, tare da godiya. Roƙon yana nan, ba a share shi ba. A 1 Tasalonikawa 5:18 kuma cewa ya yi a yi godiya a cikin kowane hali. Ba wanda ya ce ka gode saboda cuta ko zalunci. A tsakiyarsu ne ake neman abin da Allah bai ɗauke ba, a ambace shi da suna.

Tun daga waccan shekara akwai ƙaramin littafin rubutu a gidanmu, irin na 'yan firamare. Bayan tuwon dare kowa ya faɗi abu ɗaya da ke damunsa, mu kai shi gaban Allah a nan take, in kuma akwai mutumin da ya kamata a samu, mu sa ranar zuwa. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani na alherin Allah a ranar, a rubuta. Akwai daren da na rasa abin faɗa, sai na juya shafukan baya na karanta na watan jiya.

Jiya da dare maiɗakina ta kawo maganar kuɗin makaranta, muka yi addu'a, Litinin zan je in ga shugaban makarantar. Ƙaramar 'yarmu kuma ta ce a rubuta cewa mai ruwa ya zo kafin a tafi makaranta, ta samu ta yi wanka. Yayanta ne ya rubuta, da jan biro.