Tsohuwar Sikana Ba Ta Mutu Ba, Direba Ta Rasa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa daga nan ƙasar waje inda nake zaune. Wannan sikana da kuke gani a kan teburina ta haura shekara 10, fitilarta tana kamawa, gilashinta babu ko ƙwarzane, amma sabuwar kwamfutata ba ta san da zamanta ba. Dalili kuwa shi ne kamfanin da ya ƙera ta ya daina fitar mata da direba, wato ƙaramar manhajar da ke yin tafinta tsakanin na'ura da kwamfuta. Masu amfani da Mac sun ga irin wannan a 2019, lokacin da macOS Catalina, sabuwar babbar manhajar Mac ta wancan lokaci, ta daina karɓar manhajoji masu 32-bit, wato na tsohon tsari. Yana damuna ƙwarai a ce an jefar da na'ura mai lafiya saboda wannan kaɗai.

Manhajar da ta fitar da ni ita ce VueScan, wadda Ed Hamrick ya fara fitarwa a 1998. Masu ita suna nazarin yadda tsofaffin sikanoni ke musayar saƙo da kwamfuta, sannan su rubuta nasu direban, har ta kai tana tafiyar da dubban samfura a Windows da Mac da Linux (ita ma babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows). Ta kuɗi ce, sai dai ana iya gwada ta kyauta. Ku duba, na jona kebul na USB, na danna, ga fitilar nan tana tafiya a hankali ƙarƙashin gilashi, ga kuma takardar ta bayyana da tambarin gwaji a kanta. Tambarin ba ya fita sai an biya, amma ya isa ya tabbatar wa mutum cewa na'urarsa za ta yi aiki kafin ya kashe kuɗinsa.

Wanda ba ya son biya, akwai SANE a Linux, tarin direbobi ne na kyauta, kuma suna da jerin samfuran da suke ɗauka. Ana iya tayar da Linux daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. NAPS2, wata manhajar sikanin takardu, ita ma kyauta ce, amma a Windows tana dogara ne da direban da ke kan kwamfutar, saboda haka ba za ta maye gurbin wanda ya ɓace ba.

Ina roƙonku ku guji shafukan da ke alƙawarin sauke kowane irin direba da dannawa ɗaya, domin da yawansu manhajojin cutarwa suke cusa wa mutane. Ku juya sikanarku, ku karanta lambar samfurinta a jikin takardar da ke liƙe a ƙasa ko a baya, ku nemi wannan lambar a jerin VueScan ko na SANE tukuna.