Lacca: Wa Ke Zaɓa Maka Abin Da Kake Gani A Waya?

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan taɓa, in Allah Ya yarda. Na can baya, kuna jina? Madalla.

Na farko, ku tuna mai shago a Kantin Kwari. Hajiya ta ɗauki atamfa, sai ya ce, "Hajiya, masu sayen wannan da leshin can suke haɗawa." Abin da Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya koya wa kwamfuta ke nan: wanda ya sayi abu kaza yakan sayi abu kaza. Netflix ma, kamfanin kallon fina-finai, a 2006 ya sa gasar dala miliyan 1 ga wanda zai gyara masa hasashen fim ɗin da mutum zai so, sai a 2009 aka cinye.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. A 2012 YouTube ya sauya ma'aunin da yake zaɓa maka bidiyo da shi. Da, yawan dannawa yake ƙirgawa, sai ya koma auna tsawon lokacin da ka zauna kana kallo. Lokacinka, jama'a, lokacinka! Mai shagon nan ya san ka, ya san 'yarka za ka aurar, in zane na zuba zai gaya maka, don gobe ma kai ne. Na'ura kuwa inda idonka ya tsaya kawai ta sani. Ka tsaya kan bidiyon zage-zage don ya ba ka haushi, ita ta rubuta: yana so. Gobe ta ƙaro maka. Wani ɗalibina ya shiga neman karatun tajwidi bayan isha'i, tsakar dare ta same shi yana kallon yadda ake kama kada! (dariya) Kuna dariya, amma wallahi abin na damuna. A 2018 wani babban jami'in YouTube ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo daga abin da na'urar ta miƙo ne.

Na uku... au, na biyu ko? TikTok. Shi ba ya ma jiran ka bi kowa. Na'am, Hajiya?

Tana cewa turaren wuta take sayarwa, ya za ta yi a gan ta. Hajiya, kada ki fara da doguwar gaisuwa, mutane za su wuce, na'ura ta ɗauka ba a so. Fara da kasko, a ga hayaƙi na tashi. Duk wadda ta saya kuma, ki karɓi lambarta ki adana, don ranar da suka sake sauya ma'auni ba za su yi shawara da ke ba.