Indiya: Me Ya Sa Amfani da Kwal Wajen Samar da Lantarki Ya Ƙi Raguwa?

A ranar 31 ga Yulin 2012, wutar lantarki ta ɗauke a arewaci da gabashin Indiya, mutane fiye da miliyan 600 suka rasa wuta, jiragen ƙasa suka tsaya cak a kan layi da fasinjoji a ciki. A watan Afrilun 2018 kuma, gwamnati ta sanar da cewa wuta ta isa ƙauye na ƙarshe, wato Leisang a jihar Manipur, ko da yake a ma'auninta ƙauye yana shiga lissafi da zarar an haɗa kashi 10 cikin 100 na gidajensa da wuraren jama'a irin su makaranta.

Jan waya zuwa gida somin-taɓi ne. Abin da ɗan Indiya ke sha na lantarki a shekara bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da Ba'amurke ke sha ba, don haka duk iyalin da suka samu rufin asiri, firji da fanka da na'urar sanyaya ɗaki suke fara saye, masana'antun siminti da ƙarfe kuwa ba sa barci. A ƙarshen Mayun 2024, cikin tsananin zafi, buƙatar ƙasar ta kai megawat dubu 250.

Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan wuta daga kwal take fitowa. Indiya ba ta yi sake da hasken rana ba. Tashar Bhadla da ke hamadar Rajasthan kaɗai tana iya samar da megawat sama da 2,000. Matsalar ita ce, da magariba, lokacin da mutane suka koma gida suka kunna komai, rana ta riga ta faɗi, kuma har yanzu batiran ajiyar wuta ba su wadata ba, sai a koma kan kwal.

A ganina, inda gizo ke saƙar shi ne kamfanonin rarraba wuta na jihohi, waɗanda bashi ya yi wa katutu. A Punjab, manoma na samun wutar injin ban ruwa kyauta, abin da ke ƙarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma babu ɗan siyasar da ke son taɓa wannan tallafi. Kamfanin da ba ya karɓar kuɗinsa a kan kari ba zai iya sayen batir ko sabunta tiransifoma ba, alhali alƙawarin da Firaminista Narendra Modi ya ɗauka a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021, na daidaita hayaƙin da ƙasar ke fitarwa da wanda take kawarwa daga iska nan da 2070, a kan waɗannan kamfanoni ya rataya.